IDAN LOKACIN SHAN MAGANI YA CI KARO DA LOKACIN AWO A ASIBITI

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti, ko ya taɓa zaman jinyar ɗan'uwansa, ya san yadda safiya take a ɗakin marasa lafiya. Tun da jijjifi ake kai da kawowa. Wannan ana ba shi ƙwaya, wancan ana ɗibar jininsa, wani kuma an turo keke za a kai shi ɗaukar hoto. A cikin wannan hada-hada ne mai jinya yakan duba agogo ya ga ƙarfe takwas ta gota ba a ba maras lafiyarsa magani ba, alhali kuwa jiya da shekaranjiya da takwas daidai aka ba shi. In ya yi magana sai nas ta ce masa, "A dakata tukuna, akwai awo." Daga nan sai zargi ya shiga zuciya. Wani ya ce sakaci ne, wani ya ce wulaƙanci ne don ba su san kowa ba. Wani ma ba ya cewa kome, sai ya faki idon ma'aikata ya ɗauko magani daga jaka ya ba maras lafiya a ɓoye, ya haɗa masa da koko da ƙosai.

Makasudin wannan ƙasida shi ne a bayyana wa jama'a abin da ke faruwa a irin wannan lokaci, watau dalilin da ya sa wani magani ake jinkirta shi saboda awo, wani kuwa awon ake jinkirtawa saboda shi, da kuma ƙa'idar da ma'aikatan jinya suke bi wajen zaɓen abin da za a fara.

1. Me Ya Sa Magani Yake Da Lokaci?

Magani ba ya zama a jiki dindindin. Da zarar an haɗiye shi ko an yi allurarsa sai ya shiga jini, ƙarfinsa ya yi sama, sa'an nan hanta da ƙoda su shiga aikin tace shi suna fitar da shi kaɗan-kaɗan. Saboda haka in likita ya rubuta a sha magani bayan kowace awa 6 ko 8 ko 12, lissafi ya yi domin kashi na biyu ya iso kafin ƙarfin na farko ya ƙare. Kamar wutar murhu ce. In an yi jinkirin ƙara itace sai ta mutu, in kuwa an cusa itace da yawa gaba ɗaya sai girki ya ƙone.

Amma magunguna ba ɗaya suke ba wajen jure jinkiri. A shekarar 2011 wata cibiyar kula da amincin magunguna a Amurka ta fitar da jagora wadda ta kasa su kashi biyu. Kashi na farko su ne waɗanda ake so a ba da su cikin minti 30 kafin lokacinsu ko minti 30 bayansa. Asibitoci sukan sa irin waɗannan a cikin wannan kashi: allurar insulin da ake yi tare da cin abinci, da maganin farfaɗiya, da maganin kashe ƙwayoyin cuta ga wanda ciwo ya tsananta masa, da maganin hana jini daskarewa a jijiya, da maganin ciwon makyarkyata na tsofaffi. Kashi na biyu kuwa su ne masu sauƙi. Wanda ake sha sau biyu ko sau uku a rana yana jure jinkirin awa guda, wanda ake sha sau ɗaya a rana kuma yana jure har awa biyu ba tare da wata illa ba.

2. Me Ya Sa Awo Yake Da Lokaci?

Awo shi ne idon likita. In aka yi shi ba bisa ƙa'ida ba zai nuna abin da babu, ko ya ɓoye abin da yake akwai, sai a yi ta maganin cutar da ba ita ba ce. Dalilai huɗu ne suke sa a ɗaure awo da lokaci.

Na farko, abinci yana sauya sakamako. Awon sukari na safe yana bukatar mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci kome ba. In ma'auni ya nuna 126 ko fiye, wanda ya yi daidai da 7.0 a ɗaya ma'aunin, kuma aka sake awon ya tabbata, to, ciwon sukari ne. Wanda ya sha shayi da madara kafin awo yana iya fita da wannan lamba alhali lafiyarsa lau. Haka nan sikanin ciki. Da zarar an ci abinci sai matsarmama ta matse ta zubar da ruwanta, hotonta ya ƙi fitowa sosai, don haka akan ce a yi kamar awa 6 ba a ci ba.

Na biyu, magani yana ɓoye cuta. In an riga an yi wa mutum allurar kashe ƙwayoyin cuta sa'an nan aka ɗebi jininsa ko fitsarinsa don a rene su a ɗakin awo, sau da yawa ba sa tsirowa, sai a kasa sanin wace iri ce da maganin da ya fi cin ta.

Na uku, wani lokaci maganin ne kansa ake aunawa. Allurar jentamaisin in ta taru a jiki tana lahanta ƙoda da kunne, saboda haka akan ɗebi jini dab da allura ta gaba don a ga abin da ya rage. Maganin zuciya na digozin kuwa sai an yi aƙalla awa 6 da shansa ake ɗibar jini.

Na huɗu, na'urori da ma'aikatansu ba su wadatar ba. Wanda layinsa ya wuce yau yana iya jira har gobe ko jibi, kwanan asibiti ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru.

Akwai abin lura a nan. Idan ma'aikacin asibiti ya ce a zo "da azumi", ba azumin ibada yake nufi ba. A awon sukari, alal misali, an yarda a sha ruwa zalla. A wasu awon kuwa har ruwan ma akan hana na ɗan lokaci. Lalle ne a tambaya a ji iyakar abin da aka hana.

3. Ƙa'idar Da Nas Take Bi

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. In magani da awo suka zo lokaci guda, tilas ɗaya ya riga ɗaya. Nas ba da ka take zaɓe ba, kuma ba ta bin wanda ya fi ɗaga murya. An horar da ita ta yi wa kanta tambayoyi huɗu bi da bi.

Tambaya ta farko: akwai haɗari ga rai a yanzu-yanzu? Wanda numfashinsa yake sarƙewa, ko jini yake zuba, ko yake jijjiga, ko hankalinsa yake gushewa, shi ne kan gaba. Babu wani awo da ya fi ceton rai.

Tambaya ta biyu: wannan magani yana cikin waɗanda ba su jure jinkiri? In haka ne sai a nemi hanyar ba da shi. Sau da yawa akan yarda a haɗiye ƙwaya da kurɓi ɗaya na ruwa ko da an hana abinci. In bakin ne aka hana gaba ɗaya, likita yana iya mai da maganin allura ko ya sa shi cikin ƙarin ruwa.

Tambaya ta uku: maganin zai ɓata awon? In zai ɓata, ana iya gaggauta awon a gama shi cikin 'yan mintoci sa'an nan a ba da magani? Ko kuwa awon ne ya fi sauƙin ɗagawa?

Tambaya ta huɗu: wa ke da ikon yanke hukunci? Nas tana da ikon tsara abin da za ta fara, amma soke magani ko rage yawansa ko sauya hanyar ba da shi na likita ne. Aikinta ta hango karon tun da wuri, ta sanar da likita, ta tuntuɓi mai haɗa magunguna da ma'aikatan ɗakin awo, sa'an nan ta rubuta a takardar maras lafiya abin da aka jinkirta da dalili da lokaci, domin wadda za ta karɓe ta aiki ta san inda aka kwana.

4. Misali Daga Ɗakin Maza

Don a fahimci abin sosai, mu ƙaddara ƙarfe takwas saura kwata ne na safe, nas ɗaya ce a kan aiki, kuma mutum huɗu suna bukatarta.

Na farko dattijo ne mai ciwon sukari. Tun ƙarfe goma na dare bai ci kome ba domin za a yi masa sikanin ciki da tara, ga shi kuma allurarsa ta karin kumallo da takwas take. Na biyu saurayi ne da aka kawo yanzu da zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sanƙare. Likita ya ce a ɗebi jini da ruwan ƙashin bayansa, a fara masa allura, amma kayan ɗibar ruwan ba su iso ba. Na uku mai farfaɗiya ne, maganinsa da takwas, ga mai keke ya zo zai kai shi hoton ƙirji inda layi yake da tsawo. Na huɗu magidanci ne da ake ba maganin ƙarin jini. Shi ya fi kowa daɗewa a ɗakin, ɗansa kuma yana tsaye yana nuna agogo.

Nas za ta fara da saurayin nan. Za ta ɗebi jininsa nan take, ta shaida wa likita cewa kayan ɗibar ruwa ba su zo ba, a yi masa allura ba tare da an jira su ba. Sai ta wuce wurin dattijo ta soki ɗan yatsansa ta auna sukari. Ba za ta yi masa allurar karin kumallo ba tun da babu kumallon, za ta ji ta bakin likita, ta kuma roƙi masu sikanin su sa shi a farkon layi, ta ce wa iyalinsa su ajiye abincinsa kusa. Sa'an nan ta tsai da mai keke na minti biyu ta ba mai farfaɗiya maganinsa kafin ya tafi, domin hoton ƙirji bai hana shan magani ba, kuma gara a jinkirta hoto da ya faɗi a kan layi. Magidanci shi ne na ƙarshe. Ko da tara ta yi kafin a zo kansa, babu abin da ya rasa.

Ɗan magidancin nan zai ga kamar an tsallake mahaifinsa. Amma da mahaifin nasa ne yake kwance a gado na biyu, wannan ƙa'idar ce za ta cece shi.

5. Cututtukan Da Aka Fi Samun Wannan Karo

Ciwon sukari. Tun da aka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1921, ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, amma in an yi allurarsa babu abinci a ciki sai sukari ya faɗi ƙasa da kima. Haka ma wasu ƙwayoyin, irin su gilibenkilamaid. In ma'auni ya sauka ƙasa da 70, watau 3.9 a ɗaya ma'aunin, haɗari ya fara. Alamunsa su ne gumi mai sanyi, da rawar jiki, da jiri, da yunwa mai tsanani, da maganar da ba kan gado. In an ga haka a kira nas nan da nan. Azumin awo ya ƙare ke nan, domin awo ana iya sake shi gobe. In mutum yana cikin hayyacinsa akan ba shi sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa kome a baki, sai ta jijiya. A ɗaya ɓangaren kuma, kada mai ciwon sukari ya daina insulin gaba ɗaya da kansa don an ce ya yi azumi. Akwai waɗanda jikinsu ba ya yin insulin ko kaɗan, daina shi yana iya halaka su. Likita ne zai faɗi wanda za a tsallake da wanda za a rage. Har wa yau, mai shan metfomin da za a yi wa hoton da ake sa ruwan rini a jijiya ya faɗa tun da wuri, domin in ƙodarsa tana da rauni akan dakatar da maganin har awa 48 bayan hoton.

Sanƙarau da gubar jini. Nijeriya ba ta manta da annobar sanƙarau ta shekarar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 ta kashe fiye da 11,000, galibinsu a jihohin Arewa. Cuta ce da take kisa cikin kwana ɗaya. Abin da ya fi kyau shi ne a ɗebi jini da ruwan ƙashin baya kafin allura. Amma in ɗibar za ta kawo jinkiri, allura ake farawa da ita, kuma ana so ta shiga jiki cikin awa guda.

Zazzaɓin cizon sauro. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a auna jini kafin a ba da magani, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Awon gaggawa na ɗan yatsa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka, wanda yake cikin hayyacinsa yana iya jiran wannan. Amma yaron da yake jijjiga, ko ya kasa sha, ko ya fita hayyacinsa, ba a riƙe maganinsa don sakamako bai fito ba. Allurar atesunet ake yi masa nan take, a sake bayan awa 12, a kuma sake a awa ta 24. Waɗannan lokuta ba a ɗaga su saboda hoto.

Tarin fuka. A nan awo ne yake gaba. Ana so a karɓi kakin maras lafiya kafin a fara magani. Na'urar zamani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a shekarar 2010 tana iya ba da sakamako cikin kamar awa biyu, har ta nuna ko ƙwayar cutar ta bijire wa babban maganinta. Maganin da za a sha na tsawon wata 6 ya cancanci a tabbatar da cutar kafin a ɗora mutum a kansa.

Gyambon ciki. Mutane da yawa sukan sayi magani a kemis su yi ta sha kafin su zo asibiti. Irin su omefirazol suna ɓoye ƙwayar cutar da take haddasa gyambon ciki. In za a neme ta ta awon bayan gida ko na numfashi, akan dakatar da wannan magani na mako 2, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa na mako 4.

Tiyata. Akan hana abinci na awa 6 kafin a ba da maganin barci, ruwa zalla kuma na awa 2, ko yadda likita ya faɗa. Dalili shi ne wanda aka sa barci yana iya yin amai ya koma masa cikin huhu. Loma biyu ta tausayi da aka ba shi a ɓoye tana iya zama ajalinsa. Maganin hawan jini wani ana shansa da safiyar aiki, wani ana dakatar da shi. Maganin hana daskarewar jini na wafarin kuwa akan tsai da shi kamar kwana 5 kafin aiki, amma sai da umarnin likita.

6. Haƙƙin Maras Lafiya

Bin umarnin ma'aikata bai hana tambaya ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da maras lafiya halin da yake ciki da irin awo da maganin da ake iya yi masa, cikin harshen da yake ji. Ta kuma haramta a ƙi ba mutum taimakon gaggawa. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya wanda ya ƙara jaddada wannan. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da Doka ta 89 ta shekarar 1979, ita ce take kula da horar da nas-nas da yi musu rajista da ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'idar aiki.

Ma'aikata 'yan Adam ne, suna mantuwa, musamman inda nas ɗaya take kula da gadaje masu yawa. Kuskure wajen magani matsala ce ta duniya baki ɗaya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da yaƙi da shi a shekarar 2017. Saboda haka in an dawo daga awo ba a ba da maganin da aka riƙe ba, a tunatar cikin ladabi. In ba a sami biyan bukata ba a nemi sista mai kula da ɗakin.

7. Abin Da Ake Bukata Daga Jama'a

1. Ku zo asibiti da dukan magungunan da maras lafiya yake sha, cikin kwalayensu.

2. Ku faɗi gaskiya game da maganin kemis da na gargajiya, ko jiƙo ne ko tsimi ko sassaƙe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

3. In an ce akwai awo gobe, ku yi tambaya uku tun yau: ƙarfe nawa za a daina ci? An yarda a sha ruwa? Wane magani za a sha da safe, wanne za a bari?

4. Mai ciwon sukari ko farfaɗiya ya faɗa a wurin da ake ba da lokacin awo, ya roƙi na sassafe, ya kuma riƙo abincinsa da maganinsa.

5. Kada ku ba maras lafiya abinci ko magani a ɓoye. In an riga an yi kuskure an ba shi, a faɗa kafin a shiga awo ko tiyata. Ɗaga aiki ya fi hasarar rai.

6. In lokacin magani ya wuce, kada a haɗa kashi biyu a sha gaba ɗaya. A tambayi nas yadda za a ci gaba.

7. In kun ga gumi mai sanyi, ko jijjiga, ko sarƙewar numfashi, ko gushewar hankali, ku kira ma'aikata nan take, ko ana tsakiyar layin awo ne.

Kammalawa

Magani da awo duk don lafiyar mutum ɗaya ake yin su. In sun haɗu a lokaci guda, rai ake fara dubawa, sai maganin da ba ya jure jinkiri, sai awon da magani zai iya ɓatawa, sa'an nan sauran. Nas ba za ta iya bin wannan tsari daidai ba sai ta san abin da maras lafiya ya ci da abin da ya sha, wannan kuwa yana hannun mai jinya da yake kwana a gefen gado. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon wanda ya karanta wannan ƙasida ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa waɗanda ba su iya karatu ba, tun kafin ranar da za su bukace ta.